Man gemun marigayi da na shafa a kaina ya jefa ni cikin zargi

Assalamu alaikum Admin da 'yan uwa na wannan zaure. A sakaya sunana don girman Allah, kuma ku ba ni shawara kafin Juma'a, wallahi kaina ya kulle.

Ni mai takaba ce. Mijina ya rasu da daminar nan, zazzaɓi ne ya kwantar da shi bai tashi ba, ya bar ni da yara biyu, Ummi da ƙanenta da nake goyo. Muna zaune a babban gida a wani ƙauye ta wajen Bici, sashenmu daban, na Inna mahaifiyarsa daban, amma zaure ɗaya. Shi marigayi manomi ne, da rani kuma yakan sayi wake da riɗi a kasuwannin ƙauye ya kai kasuwar Dawanau a Kano, to a can ya koyo gayun gemu. Mutumin da a da sabulun wanki yake wanke fuska da shi, sai ga shi da ɗan mataji a aljihu da 'yar kwalbar man gemu mai ƙamshin kanumfari da lemo. Na sha tsokanarsa cewa gemun da bai kai na bunsuru ba ake wa wannan hidima. Duk sanda zai sayo biyu yake sayowa, ɗaya tasa ɗaya ta ƙanensa, bari in kira shi Sale. Kaf garin nan su biyu ne ke wannan ƙamshin, in ɗayansu ya gifta ko ba ka ɗago kai ba ka sani.

Bayan sadakar bakwai, Baffansu, ƙanen mahaifinsu, ya sa aka tattara kayan mamaci, riguna, huluna, waya, har buta, aka kulle sai ranar rabon gado. Aka tambaye ni ko da saura na ce babu, kuma a lokacin iyakar sanina ke nan. Daga baya ina shara na tsinci kwalbar ta gangara bayan gado, da saura kusan rabi. Na buɗe na sunsuna, ban san sanda na zauna a ƙasa ba. Ban kai ta wajen Baffa ba.

Tun ina jego gashina yake zuba, rasuwar nan ta ƙarasa shi, gaban goshina ya koma fili kamar masussuka. Na san mai takaba ba ta ado ba ta turare, man kaɗanya kawai aka ce in riƙa shafawa, na shafa har na gaji ba wani canji. Sai na tuna marigayi yana nuna mini inda man nan ya cike masa gurbi a gefen haɓa, na ce ai gashi gashi ne, da na gemu da na ka duk daga fata ɗaya suke fitowa. Na fara ɗiga shi a yatsa in murza a goshi in ɗaure da ɗankwali. Ina gaya wa kaina magani ne ba ado ba, kuma gashin ya ɗan fara tsirowa. Amma tsakanina da Allah ba don gashin kaɗai nake yi ba, in na shafa sai in ji kamar ya fita masallaci ne yanzu zai dawo.

A garinmu mai takaba ba ta zuwa gidan kitso, wata tsohuwa ce, Iya mai kitso, take biyowa ranar Juma'a ta tsefe mata ta kitsa. Kullum nakan wanke kaina tas kafin ta zo. Makon jiya za a yi suna a gidansu ranar Juma'ar, sai ta faɗo mini ranar Alhamis da hantsi ba shiri. Ta ɗora kaina a cinyarta ta zare ɗankwali, sai na ji hannunta ya tsaya. Ta ce, "Ke 'yar nan, wa yake shigo miki ɗaki?" Na ce ba kowa Iya. Ta ce idonta ne ya tsufa, hancinta yana nan. Ta gama kitson, daga wajena kuma sashen Inna ta nufa.

Ku fahimce ni, tun rasuwar Sale ne yake kula da gonarmu, shi ya yanke dawa, shi yake kawo dami da itace ya ajiye a bakin sashena ya ƙwala wa Ummi kira. Bai taɓa tsallako dokin ƙofa ba, ko gaisuwa kansa a ƙasa yake yi. Amma da Inna ta kira ni ta sa na durƙusa ta sunsuna kaina, ta tambaye ni ina na samo ƙamshin, bakina ya suɓuce na ce ban sani ba. Sai ta ce, "Masu ƙamshin nan biyu na haifa, ɗaya yana kabari. To wanne ne ya zo wajenki?" Har yanzu maganar nan tana cina.

Kafin la'asar zance ya kai bakin rijiya. Baffa ya kira Sale, na ji an ce ya yi rantsuwa har yana kuka, amma aka ce kada ya sake taka gidan, yanzu a shagon abokinsa yake kwana. Matan gidan in na fito ɗiban ruwa sai su yi tsit. Baffa ya aika a kira mahaifina, ya ce Juma'ar nan bayan an sauko daga masallaci za a zauna da liman, in ban faɗi inda ƙamshin ya fito ba, ina fita takaba in tattara in tafi gidanmu, Ummi ta zauna wajen Inna, shi ma yaron da an yaye shi a dawo da shi, don ba za su bar 'ya'yan ɗansu a hannun mace irina ba.

Na san za ku ce in fito da kwalbar kowa ya huta, ni ma shawarar da na yanke ke nan, ko da za a ce na ɓoye kayan gado, na sa turare cikin takaba, na yi wa uwar mijina ƙarya. Tunanina shi ne in na ajiye ta marigayi, Sale ya ajiye tasa, an ga biyu magana ta mutu. Sai jiya Ummi ta dawo daga makarantar allo take ce mini, "Umma, Baba Sale ya aske gemunsa ƙwal, kuma ya jefa kwalbar turarensa a masai." Baƙin ciki ne ya sa shi, na sani, amma ya yanke mana igiya bai sani ba. Yanzu kwalba ɗaya ce ta rage a garin nan, iri ɗaya sak da tasa, kuma a hannuna take, ni da na riga na ce marigayi bai bar komai ba. Ina ajiye ta Inna za ta ce Sale ne ya ba ni.

Don Allah ku gaya mini yadda zan yi. In sami liman ta hannun matarsa in faɗa masa komai kafin zaman, ko in jira mahaifina? Malaman cikinmu, shafa man nan ya ɓata mini takaba ne? Rantsuwa da Alƙur'ani zan iya yin ta a kan ba namijin da ya shigo mini, wannan ko yanzu. Amma wanda ya riga ya kama ki da ƙarya, da wane baki za ki sa ya yarda da gaskiyarki? In na yi shiru an raba ni da 'ya'yana, in na yi magana ina tsoron ni da kaina zan miƙa musu shaidar da za su gama da ni da bawan Allahn da bai ci ba bai sha ba.