Tiyon da Aka Toshe da Noti

Auta, kana ina ne? Salamu alaikum. Na kira wayarka sau tara, matar nan ta cikin waya sai ce min take ba a samunka. Na san can wajen aikin naku sai ka hau tudu kake samun sabis, to in ka hau ka karanta.

Akori-kurar babanku ce. Jiya da na tashe ta wata wuta ruwan ɗorawa ta kama gaban sitiyari, motar tana ta kakkarwa kamar mai zazzaɓi, ina ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Kuma Alhamis ce ranar ganin likitan ƙwaƙwalwarsa, wata uku muna jiran ranar nan. Motar haya ba ya yarda da ita, wancan karon muna cikin tafiya ya buɗe ƙofa. A cikin tasa kaɗai yake zama lafiya.

Bakaniken bakin titi ya ce wai sai an sauke inji, shi da ko bonet bai ɗaga ba. Sai na ɗauko 'yar na'urar nan ta duba matsalar mota da ka bari, na durƙusa na soka ta ƙarƙashin sitiyari yadda ka nuna min, gwiwata har yanzu tana gaya min. Ta rubuta P0171. Mene ne shi kuma?

Babanku da sauƙi, yana cin abinci. Allah ya yi maka albarka.
Mamanka

Mama, amin wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida Baba.

Kada ki bari kowa ya sauke inji. Lambar nan cewa take iska tana shiga inda bai kamata ba, galibi wani tiyo ne ya fita ko ya tsage. Ki tashe ta, ki ɗaga bonet, ki naɗe mayafinki kada fanka ta kama shi. Ki kasa kunne, za ki ji wani wuri yana tsotsar iska. Ki nemi siririn baƙin tiyo da yake reto. In kin mayar, ki danna maɓallin gogewa a na'urar.

Ki huta lafiya.
Auta

Auta, sannu da aiki, Allah ya ƙara basira. Na same shi! Can bayan inji, ɗan siriri kamar yatsana. Ina mayarwa motar ta yi luf, wutar ta ɗauke, har na yi zagaye biyu a layi, matar maƙwabci tana tsokanata wai na buɗe gareji.

To yau da safe wutar ta dawo. Wannan karon gurnani take ita kaɗai, ko taɓa totur ban yi ba. P0507. Na duba tiyon jiya yana nan daram, wani ne daban ya fita, mai ɗan kauri. Har na ce ɓera ne. Amma bakinsa a toshe yake da noti, sai da na sa filaya na zare, ga ƙarfen da yake matse shi an ajiye a kan batir, an goge shi fes.

Na mayar, ta daidaita. Gobe Laraba. Ni tsorona kada ta yi mana haka a hanya da shi a ciki. Ka ce min wani abu.
Mamanka

Mama, ina gaishe ki da ɗawainiya.

Ɓera ba ya toshe tiyo da noti. Mutum ɗaya na sani da yake haka, don kada ƙasa ta shiga kafin ya gama aiki, kuma shi ya koya min. Baba ne yake cirewa. Kin ce da sauƙi. Don Allah ki gaya min gaskiya, yaya jikinsa? Kafin nan ki kulle motar, ki ɓoye makulli, in bai shiga ciki ba ba zai iya buɗe bonet ba.

Ɗanki, Auta

Auta, salamu alaikum, ka yafe min. Ba sauƙi. Tun watan jiya Hajiya yake ce min kamar mai kawo gyara garejinsa, yana tambayata me ke damun motata, wai in zauna a benci yanzu zai gama. Ni kuma sai in zauna. Na ƙi gaya maka ne don kada ka bar aikinka.

Na kulle kamar yadda ka ce. Da hantsi ya fito da kayan aikinsa, ya ja ƙofar motar, ya zagaya, ya sake ja. Ya daɗe tsaye, hannunsa a kan bonet. Sai ya ce min, "Hajiya, mai motar nan bai bar makulli ba, bari in je gareji, ayyuka suna jirana." Na ce to, sha shayinka tukuna. Na shiga ɗauko kofi, ban fi minti biyu ba wallahi. Na fito ƙofar gida a buɗe, takalminsa ɗaya a bakin zaure.

Garejin da aka rushe shekara shida da suka wuce, Auta. Kuma sai an tsallaka babban titi.

Na bi layi da ƙafa har shagon mai gyaran taya, ya ce ya ga wucewarsa da sifana a hannu, ya ɗauka aike ne. Yayarka ta bi ta kasuwa, maƙwabci ya bi ta tasha. Na dawo in ɗauki mota, ashe ya riga ya taɓa ta tun kafin in kulle. Tana tashi tana mutuwa. P0102. Babban tiyon nan da ya fito daga akwatin iska babu shi gaba ɗaya, an cusa tsumma a bakin, ga wata waya tana reto. Na duba ƙarƙashin mota, na duba ɗakinsa, na zazzage kwandon wanki. In na cire tsumman na mayar da wayar za ta tafi a haka? Ko injin ya lalace ba komai, ta kai ni dai. Da na bar shi ya yi ta cirewa ina mayarwa, da yanzu yana nan tsakar gida.

Ka hau tudun nan don Allah, azahar ta wuce, bai sha maganinsa ba, rigar ma

tsaya ana buga ƙofa