Awa Bakwai Ranar Asabar

Zuwa ga aminina Sarkin Barci,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da gwiwar nan taka da ta ƙi jin magani. Mu nan sai godiyar Allah, ita kaɗai ce ba ta ƙara tsada ba.

Ka tambayi labarin 'yata Auta. Ta sayi mota mai aiki da lantarki, fara, ba hayaƙi ba ƙara, tana shigowa gida kamar kyanwa. Benen da take haya ba inda za ta yi mata caji, don haka duk Asabar take kawo ta nan, mu zuro waya ta tagar kicin zuwa gindin bishiya. Tun rasuwar mahaifiyarta ban ga ta cika awa guda a gidan nan ba. Yanzu ga ta tun hantsi har bayan la'asar.

Ka san shekara talatin da biyu na yi ina karanta mitar wutar mutane, ni da na koya wa rabin ajinmu lissafi, kuma su suka zama masu sa hannu a takardar hutuna. Ba mai gaya mini abin da mota ke sha. Asabar ɗaya tana cinye wutar da nake yin kwana goma da ita. Na ce wa Auta bai kai kuɗin shayi ba. Na kashe firiji, fanka sai ranar da za ta zo, guga kuwa na daina. Tsoho da yamutsattsiyar riga ba ya ba kowa mamaki.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. A jikin wayar akwai ɗan akwati mai maɓalli, inda ake zaɓar ƙarfin wuta. In an sa na sama, awa uku ta ishe ta mako. Ni kuwa da ta shiga ɗaki sai in mayar da shi na ƙasa, ya zama awa bakwai. Na ce mata wayoyin gidan ne suka tsufa.

Ba wata hira muke yi ba. Tana zama a kujerar uwarta da kwamfuta a cinya, ni ina bakin ƙofa ina kallon 'yar koriyar fitilar akwatin tana ƙiftawa kamar numfashin jariri, har gyangyaɗi ya ɗebe ni. Sai in gan mu a kan doguwar hanya marar rami, uwarta a gaba tana ɓare lemo, kai a baya kana sana'arka ta makaranta, baki buɗe. Ba inda za mu, tafiya kawai muke. In na farka in ji yatsunta a kan kwamfuta, sai in san akwai mutum a gidan.

Ka gaida uwargida.

Naka,
Na Ɗaya

*

Aminina,

Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin jikanka ya sauka. Na ga amsarka. Ka kira ni ɓarawon lokaci, na karɓa. Wasu da muka sani sun saci abin da ya fi haka, an sa wa tituna sunayensu.

Amma abin ya juyo mini. Wata abokiyar aikinta ta ce mata ba motar da ke ɗaukar awa bakwai don ɗan abin nan, sai dai in batirin ya fara mutuwa. Ta kai wa makaniki sau biyu, ya karɓe mata kuɗi, ya girgiza kai kamar likita. Yanzu ta tsorata, tana neman mai saye kafin ta faɗi warwas. Shekara huɗu ta yi tana tara kuɗin motar nan, kuma rabinsa aka taya.

In na yi shiru, ta yi asara, Asabar ɗina ma ta tafi da motar. In na faɗa, ka san zuciyarta, tawa ce ta gado. Jiya ma na yi mafarkin hanyar nan, sai dai ni kaɗai ne a ciki, kuma ban iya tuƙi ba.

Naka,
Na Ɗaya

*

Sarkin Barci,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da man zafin, har ya iso.

Na faɗa mata. Na kai ta gindin bishiyar, na nuna mata maɓallin, na danna a gabanta. Sai ta shiga kicin neman ruwan sanyi, ta buɗe firiji, ta tarar da tsofaffin littattafaina a jere a ciki, don can ne gara ba ta kaiwa. Na ji ƙofar ta rufu a hankali. Ba ta fito ba sai da na ƙirga ƙiftawar fitilar har ɗari da wani abu.

Da ta fito, idonta ja, ta yi mini faɗan da ko shugabanmu na makaranta bai taɓa yi mini ba. Ta ce in ina son ganinta, baki gare ni. Ta zuba wa mitar gidan kuɗi ta wayar hannunta ina hanawa, ta jona firiji, ta mayar da maɓallin sama da kanta. Ta fasa sayar da motar. Hukuncina kuwa shi ne awa uku, ba ƙari, amma za ta riƙa barin kwamfuta a gida, ni kuma in daina leƙenta daga bakin ƙofa, in shigo in yi magana.

Mun gwada a ranar. Na yi mata bayanin farashin wuta, na zagi tsohon ofishinmu, na duba agogo, ashe minti ashirin kawai muka ci. Sauran muka yi ta kallon fanka.

Don Allah ka taimake ni. Kai ne mai 'ya'ya mata biyar. Me ake ce musu? Ka rubuto mini komai ƙanƙantarsa, ka haɗa da labarin ranar da na fara ganin uwarta, don kai kana wurin, ni kuwa ranar ba na cikin hankalina. Ka hanzarta, Asabar saura kwana huɗu.

Naka har kullum,
Na Ɗaya