Matata Za Ta Bar Yin Kek Saboda Cikina

Salamu alaikum Malama. Don Allah ki agaza min da shawara, duk da cewa cikin farin ciki nake rubuto miki.

Ni direban motar makaranta ne. Na yi shekaru ina fama da ciki: kumburi, gudawa, kasala, ga rama har sai da na ƙara wa bel ɗina huji. Akwai ranar da na tsayar da mota cike da ɗalibai na ruga banɗakin gidan mai, suna ta ƙyalƙyala min dariya ta taga. An ce olsa, an ce tsutsar ciki, yayata ma cewa ta yi tunani ne ya yi min yawa. Ni kuwa a raina na gama yanke wa kaina ciwon daji, har na fara yi wa 'ya'yana kallon bankwana. Sai wata likita ta sa aka gwada jinina, aka duba hanjina, ta ce cutar siliyak ce, wato jikina ba ya shiri da gulutin, wani sinadari da ke cikin alkama da sha'ir. Maganin kawai in daina cin su. Wallahi dariya na fashe da ita a ofishinta. Ashe burodi ne! Yanzu har kumatu na yi.

To ga inda matsalar take. Matata kek take yi na sayarwa, a kicin ɗinmu da mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki. Fulawa ko'ina, har a girarta. Tun ranar da aka gano cutar ta ɗora wa kanta laifi, wai da hannunta ta riƙa ba ni guba, ta ce sayar da oven ɗin gashin za ta yi. Malama, wannan sana'ar ita ce ranta, in tana yi wa kek kwalliya har waƙa take yi. Yanzu ta duƙufa gasa min burodin garin shinkafa, wanda in ka jefi mutum da shi sai an je asibiti. Ina ci ina yabawa, don bakina take kallo. Na ce kar ta bar sana'arta, ta ce in daina taurin kai. Kuma gaskiya wani lokacin cikina kan motsa bayan ta yi aiki. Yaya zan yi?

Mijin Mai Kek

Wa'alaikumus salam. Barka da arziki, na taya ka murna.

Kowa a cikinku yana da gaskiyarsa. Tsoronta ba na banza ba ne, 'yar ƙurar fulawa da ta sauka a abincinka ta isa ta ɓata maka hanji, ko da ba ka ji komai ba. Kai ma ka yi daidai, macen da ta binne sana'arta don nadama ba za ta samu natsuwa ba, kuma babu laifi a kan abin da ba wanda ya sani. Faɗa mata haka, ka maimaita.

Fulawar ce za ta bar kicin, ba ita za ta bar fulawa ba. Ku mayar da aikin kek ɗaki na daban mai ƙofa, ko sito ko wani shago. Kai kuma a ware maka rariya, kwanon gashi da cokalin katako. Ku tabbata injin da ke niƙa shinkafarku ba ya niƙa alkama. Ku je wurin likitar tare, matarka ta ji da kunnenta, ku kuma tambaya ko ya kamata a gwada yaran, don cutar kan bi jini.

Maganar burodi, daina yabon ƙarya. Gwana ce, gaskiya take buƙata ta gyara. Garin shinkafa zalla ba ya kama jikinsa, ta haɗa shi da sitacin rogo ko na dankali, ta ƙara ƙwai, kwaɓin ya yi ruwa-ruwa, ta gasa a ƙananan kwanoni. In hannunta ya faɗa, akwai irinka da yawa da ke neman mai gasa musu.

Allah ya ƙara lafiya, ya bar ku tare, ya sa wa hannunta albarka.