Wata Uku a Gidan Kawu Daudu

Safana,
19 ga Satumba, 2021

Zuwa ga iyalina, Maman Fiddausi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Fiddausi da su Baba da Hajiya da duk mutanen gidan. Yaya damina a nan Katsina? Yaya hannun yarinyar? Ni ma lafiya, gwargwado.

Kin san an katse layukan waya a duk yankinmu, shi ya sa na koma takarda. Direban da ke lodin Katsina zai kawo miki ita gobe.

Na bar Batsari. Gidan ya yi mini girma tun ranar da Babanki ya zo ya tafi da ku. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da zai ji ƙarar babur a ƙofar gida, ya fizgi 'yarsa mai shekara huɗu ya cusa ta ƙarƙashin gado har hannunta ya goce, ba a barin yara kusa da shi. Mai babur ɗin kuwa gero ya kawo mana. Na rubuta wannan ne don ki san na san abin da na yi, tunda ranar ban ce komai ba.

Kawu Daudu, yayan mahaifiyata, shi ya je ya ɗauko ni. Bai tambaye ni komai ba game da kwana talatin da bakwai ɗin da na yi a hannun masu garkuwa. Shi ne mutum na farko da bai tambaya ba. Ya ba ni ɗakin zaure da tabarma, ya ce dokar gidansa biyu ce: bayan sallar asuba ba a komawa barci, da hantsi kuma ba a zama hannu sake.

To, haka muke yi. Idan mun dawo masallaci mukan zauna gindin dalbejiyar tsakar gida har rana ta fito. Ya koya mini in ja numfashi da la'ilaha, in sake shi da illallah, a hankali, ba gaggawa. Ya ce in tunani ya zo kada in kore shi, kada kuma in bi shi, in dai koma kan numfashina. Gaskiya ban ga amfanin abin ba tukuna. Ƙafata ce kawai ke sagewa. Da hantsi kuma yana koya mini sana'arsa, ɗinkin hula. Na soki yatsana ya fi a ƙirga.

Ina shan maganin da likita ya rubuta. Hedimasta ya ƙara mini hutu. Ban je na ga Inna Turai ba, mahaifiyar marigayi Yusha'u abokin aikina, ko da yake sau biyu tana aikowa.

Ki gai da Baba da Hajiya. Ki shafa mini kan Fiddausi, ba sai kin ce daga wurina ba ne.

Naki,
Armaya'u


Safana,
24 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga Maman Fiddausi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta yarinya da ta su Baba. Yaya ƙafar Hajiya? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan an shiga girbi, masu gonakin da ke kusa da gari sun fara ɗauko gero. Na nesa an bar su.

Takardarki ta iso. Na ji daɗi da an kwance wa Fiddausi ɗaurin hannu. Na kuma karanta inda kika ce har yanzu in an ambaci sunana takan yi shiru. Na gode da ba ki ɓoye mini ba.

Hulata ta farko Kawu ya sa na tsefe ta sau uku. Ta biyu na gama. A ta uku ya miƙo mini farin yadi da biro ya ce in zana abin da na ga dama. Na zana kunyoyin gona, irin waɗanda nake gani daga tagar ajina a Wagini, da ɗigo-ɗigon wake a tsakani. Na lura in ina ɗinki ba na jiran komai. Shekaranjiya babura biyu suka wuce ta bayan katanga, sai da suka yi nisa na gane ban ɗaga kai ba.

Kin tambaye ni abin da nake gani in na yi shirun nan da ke ba ki tsoro. Wata bakwai ban gaya wa kowa ba. A zaman safe ne abin ya riƙa zuwa, kullum, ina komawa kan numfashi, yana nan zaune, har na iya dubansa ba tare da na miƙe na bar wurin ba. Tun da na iya dubansa, ina jin zan iya rubuta shi.

Kin san tare aka tare mu da Yusha'u a hanyar dawowa daga makaranta. Shekara tara muna koyarwa wuri ɗaya. A mako na huɗu zazzaɓi ya kama shi. Ruwa kofi ɗaya ake ba kowa a yini, lokacin kuwa bazara ce. Ranar da zai rasu, aka kawo namu, shi yana kwance bai san inda yake ba. Na shanye nawa. Na zauna ina kallon nasa. Daga baya na shanye shi. Da azahar ya farka ya ce in ba shi ruwa, na ce ba a kawo ba tukuna. Ya ce to. Kafin la'asar ya cika.

Shi ke nan. Shi nake gani, da wannan "to" ɗin.

Na gaya wa Kawu da safen nan, bayan mun yi sallar walaha. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce shi ba likita ba ne, amma bai taɓa jin kofi ɗaya ya tsayar da ajali ba. Ya ce duk da haka ƙaryar ƙarya ce, in nemi gafarar Ubangiji a kanta, daidai girmanta, kada in ƙara mata kada in rage. Ya kuma ce akwai tsohuwa a Batsari da ke da haƙƙi a kaina.

Ban san yadda za ki dube ni ba bayan kin karanta wannan. Ba sai kin yi saurin amsawa ba.

Gaisuwa ga kowa da kowa.

Mijinki,
Armaya'u


Batsari,
5 ga Disamba, 2021

Zuwa ga Mahfuza,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kin tashi lafiya, ke da Fiddausi. Yaya sanyi? Yaya su Baba da Hajiya? Ina gaishe su da girmamawa.

Amsarki ta same ni. Layi huɗu ne, na karanta su sau da yawa. Kin ce da ma kin san akwai abin da na dawo da shi daga daji, kuma ya fi miki sauƙi da kika san ko mene ne. Allah Ya saka miki da alheri.

Kamar yadda kika gani a sama, na dawo gida. Na share tsakar gida, na gyara ƙofar kicin. Zaman safe ina yinsa ni kaɗai a bakin rijiya. Wata rana hankalina yakan kwanta, wata rana ba ya kwanciya, amma ina zama har rana ta fito. Ba zan ce miki na warke ba. Barci dai ya dawo, abinci ma ina ci.

Ranar Alhamis na je wurin Inna Turai. Na tarar da ita tana ɓarar wake a tsakar gida. Ta rame ƙwarai. Muka gaisa, ta tambayi lafiyarki da ta yarinya, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma. Na gaya mata komai, tun daga inda aka tare mu har zancen ruwan. Ban tsallake ƙaryar da na yi masa ba. Tana ta ɓarar wakenta har na gama.

Na ɗauka a kan ruwan za ta tsaya. Abin da ta ce kawai shi ne ƙishirwa ba ta shawara da mutum, ta yafe, kuma ta san ɗanta, da shi ma ya yafe. Sai ta ture ƙwaryar gefe ta dube ni. Zan rubuta miki maganarta yadda ta faɗe ta: "Armaya'u, ba wannan na aika a kira ka don shi ba. An rufe shi, ko yar da shi aka yi?"

Mahfuza, ban taɓa tunanin ba ta sani ba. Ashe babu wanda ya gaya mata, don duk Batsari babu wanda ya sani sai ni. Wata takwas tana kwana tana tashi da tunanin an bar ɗanta a fili, ni kuwa ina can ina fama da abin da ya dame ni.

Na ce mata an rufe shi. Mun roƙi masu tsaronmu, suka ba mu wata tsohuwar fartanya. Ni da wasu mutum biyu daga Zakka muka haƙa a gindin wata bishiyar marke. Babu ruwan wanka, sai muka yi masa taimama, muka naɗe shi da rigarsa da tawa, na ja sallar, muka kwantar da shi a damansa yana fuskantar gabas. Muka jera duwatsu a kai saboda namun daji. Ta sa na maimaita mata zancen duwatsun. Ta tambaya ko manya ne, na nuna mata girmansu da hannu.

Ta ce alhamdu lillahi. Ta ja mayafinta ta kishingiɗa a nan kan tabarmar, ina zaune, barci ya ɗauke ta da rana tsaka. Naja'atu, ƙanwar Yusha'u, ta raka ni zaure, ta ce rabon da ta ga Inna ta yi barci haka tun bazara.

Gobe Litinin zan koma aiki. An mayar da ni firamaren cikin gari, aji huɗu. Maganar dawowarku kuwa na bar ta a hannunki da na Baba. In kin ga ya fi in fara zuwa Katsina in yini, yarinyar ta gan ni daga nesa, ta zo da kanta in ta so, haka za a yi. Ranar Asabar ba ni da aiki.

Ki gai da kowa. Wannan karon ki gaya wa Fiddausi babanta yana gaishe ta.

Naki har kullum,
Armaya'u