Tsofaffin Kwabban Babanku

Zuwa ga ɗana Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki da zaman Ikko? Tarin nan ya sake ka kuwa? Mu nan Anka lafiya lau, sai kewarka.

Zancen tsofaffin kuɗin da marigayi babanku ya tara ne, waɗanda ya ce a ajiye maka. Don tsoron ɓarayi na binne su cikin tukunya a ɗakina. Da damina ta yi nisa na tono, sai na ga kwabban nan masu huji sun fara yin kore. Na ɗauko tsamiya da toka zan dirje su, matarka Hajara ta riƙe min hannu.

Ta ce, "Inna, ba kwanon tuwo ba ne fa. In kika dirje, rubutun zai tafi, kuma ba ya dawowa."

Ita ta zauna ta tsane su da farin ƙyalle, tana kama kowanne ta gefe, wai zufar hannu ma tabo take bari. Ta naɗe kowanne daban a takarda, ni kuma na rubuta sunan kowanne a kai: anini, taro, sisi, sule. Ta zuba su a kwalba mai murfi, ta ɗora can sama, nesa da laima da hayaƙi. Kullum sai na leƙa, koren bai ƙaru ba.

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe min da kawunka Bala. Amanarka na nan lafiya. Yarinyar nan kuwa, ka riƙe ta hannu bibbiyu.

Innarka