Gashina ya koma ruwan lemo, kakata ta daina gane ni

Assalamu alaikum Admin da matan wannan gurup mai albarka. Don girman Allah a ɓoye sunana, akwai dangin mijina a nan ciki. Na daɗe ina karanta damuwar mutane ina wucewa, yau ga shi ta faɗo kaina. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Ni matar aure ce, shekarata talatin, muna zaune a Badarawa. Mahaifiyata ta rasu tun ina goye, kakata ta wajen uwa ce ta raine ni, Inna muke ce mata. Yanzu ta haura tamanin, tana gidan Kawuna a Unguwar Rimi, kuma shekara uku ke nan tana fama da ciwon mantuwa. Ba ta gane kowa, Kawu da ta haifa da cikinta idan ya shigo gaishe ta sai ta ja mayafi ta ce wane malami ne wannan. Hankalinta ya koma can zamanin ƙuruciyarta, lokacin Turawa suna nan. Ni kaɗai na rage mata, ni ɗin ma ba da fuska take gane ni ba. Kullum bayan la'asar zan hau keke in je, in zauna a ƙasa a tsakanin ƙafafunta, ta zare ɗankwalina, ta shafa mini man kaɗanya, ta taje, ta kama kitsa mini kalaba a karkace. Tana cikin yi sai ku ji ta kira sunana, ta tambaye ni ko na ci abinci. A wannan ɗan tsakanin ne nake samu in ba ta tuwo a baki ta karɓa, in ba ta magani ta haɗiye.

Sati uku da suka wuce aka yi bikin ƙawata, muka shirya za mu yi zama na mata zalla. Na ga wani hoto a waya, gashi baƙi da ɗan sirkin ruwan zuma, ya ba ni sha'awa. Ba mijina ne ya sa ni ba, ba kowa ba ne, ni ce da kaina, tun tasowata ban taɓa yi wa kaina wani abu na daban ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, tun daga gida har na zauna a kujerar salun ɗin nan, wallahi Inna ba ta faɗo mini a rai ba ko sau ɗaya.

Na gaya wa mai salun ɗin ban daɗe da sa rilaksa, man miƙar da gashi, ba, ta ce ba komai, ta saba. Ta dama hodar bilicin ta shafe mini kai gaba ɗaya maimakon sirki, ta rufe da leda, sai ga amarya an kawo, ta bar ni ta koma kan amaryar. Na ce mata kaina yana zafi, ta ce alamar yana kamawa ke nan. Da aka zo aka wanke, na ɗaga kai na kalli madubi. Ba ruwan zuma ba ne, ruwan lemo ne ɓau, wani wajen kamar tagulla, bakin gashin kuma kamar gemun masara. Ta ce in ya bushe zai kwanta. Bai kwanta ba. Ranar bikin da ɗankwali na wuni.

Washegari na je wajen Inna kamar kullum. A raina na ce ai tsohuwa ce, idonta ma ba sosai yake gani ba. Na zauna, ta zare ɗankwalin, sai na ji hannunta ya tsaya cak. Ta janye shi, ta goge a zaninta kamar wadda ta taɓa kayan da ba nata ba. Kafin in juyo ta zamo daga bakin gado, tsohuwar da sai an kama ta take tashi, ta durƙusa a gabana.

Ta ce, "Ranki ya daɗe Misisi, wallahi ba tsinka na yi ba, a ƙasa na tsinci gwaibar. Don Allah kada ki kori Baba."

Na ce, "Inna, ni ce fa. Inna, dube ni."

Na kai hannu zan ɗaga ta, sai ta kare kanta da hannu biyu kamar yarinyar da za a daka. 'Yan uwa, matar da ta goye ni, ta tauna abinci ta sa mini a baki, ita ce a ƙasa tana roƙona. Ban san lokacin da na fita tsakar gida ina kuka ba.

Kawu ne ya zo ya ɗaga ta, daga baya ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ashe mahaifin Inna kuku ne a gidan wani Bature ma'aikacin gwamnati a nan Kaduna, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai, kuma Misisi shi ne yadda suke kiran matar Baturen. Jan gashi gare ta. Wata rana ta kama Inna da gwaiba a hannu, ta jawo ta da kunne har kicin, dole uban ya zane 'yarsa a gaban matar don ya tsira da aikinsa, kuma duk da haka satin bai ƙare ba aka sallame shi. Inna ta girma da tunanin ita ta jawo musu. Kawu ya yi mini faɗa sosai, ya ce duk kwalliyar duniya na rasa wadda zan yi sai wadda za ta tono wa uwarsa ciwon shekara saba'in, ya ce kada in ƙara cire ɗankwali a gidansa. Na san da gaskiyarsa.

Tun daga ranar nake neman gyara. Na koma salun ɗin, muka yi ka-ce-na-ce, ta ce gashina ne mai taurin kai, a ƙarshe ta shafa mini wani abu wai tona, ta ba ni shamfu mai shuɗi ta ce shi ke kashe ruwan lemo. Na yi wanki huɗu da shi, saman ya ɗan dushe ya koma kalar tsatsa, ƙasan yana nan yadda yake. Gashin kuma ya mutu, in ya jiƙe yana miƙewa kamar cingam, in ya bushe kamar soson wanka, ko taje shi na yi sai matajin ya cika. Na sayi baƙin wig na sa, Inna ta ɗora hannu sau ɗaya ta ce wannan gashin doki ne, ta ture kaina. Matar Kawu, Allah ya saka mata, ta gwada zama a wajena, Inna ta shafa ta ce ba ita ba ce.

Yanzu kullum ina zuwa, in zauna nesa kaɗan da ɗankwalina a ɗaure tam. Tana gaishe ni da ladabi kamar baƙuwa, in na miƙa mata abinci ta ce ta ƙoshi, an gode. La'asar tana yi sai ta fara kallon ƙofa, ta juyo ta tambaye ni, "Baiwar Allah, ba ki ga yarinyar nan a hanya ba? Ba ta saba kaiwa yanzu ba." Ni kuma in ce mata tana nan tafe. Ta rame, kunu kawai take ɗan kurɓa, maganin ma sai an yi dabara.

Ga inda na tsaya. Wata tsohuwar mai gyaran gashi a Hayin Banki ta duba kaina, ta ce in na kuskura na ɗora baƙin dayi yanzu gashin zai iya gutsurewa daga tushe, in bari a yi ta ba shi mai da sitimin, wato turara shi da tururi, na sati shida tukuna. Wata maƙwabciyata ta ce in yi lalle in bi da baba, irin na marina, zai yi baƙi ba tare da kemikal ba, amma wata ta ce a kan gashin da aka yi wa bilicin kore yake komawa. Malamar islamiyyarmu kuma ta ce rina gashi da baƙi wuluk akwai magana a kansa, sai dai in nemi mai duhun ƙasa-ƙasa, ni kuma ban san ko Inna za ta yarda da shi ba. Mijina ya ce in aske kawai sabo ya fito, to in na aske me za ta kama ta kitsa? Likitanta kuwa da na tambaye shi, cewa ya yi irin wannan ciwon gaba yake yi, abin da ya daɗe bai motsa a ƙwaƙwalwarta ba ba lallai ya dawo ba.

Don Allah masu salun da ke cikin gurup ɗin nan, da duk wadda irin wannan ta taɓa samu, akwai abin da zai mayar da shi baƙi cikin kwana biyu ko uku bai zube ba? Lallen da baban gaskiya ne? Masu ilimin addini, a halin da nake ciki an yi mini rangwame? Zagi kam na riga na zagi kaina, ba sai kun taya ni ba. Ku gaya mini kawai, in ke ce, za ki jira sati shida gashi ya warke, ko za ki rina shi gobe ki je ki zauna a gabanta, ko da a hannunta zai zube?