Tagar Jirgi a Ɗakin Inna

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Yaya iyali, yaya aiki, yaya hannun da ka ƙone wajen yankan ƙarfe? Mu nan garin Largo lafiya lau.

Jiya na kira Inna. Zancenta ɗaya ne har muka yi sallama: tagar da ka ciro daga tsohon jirgin ruwan da kuke farfasawa a tashar ruwa ta Tema, ka kafa mata a ɗaki. Da na tambayi na'urar awon jinin da na aiko, sai ta ce, "Tana cikin kwalinta, kada ta yi datti."

Na ji kishi, ba zan ɓoye maka ba. Idan ka samu wata tagar, ka ce mata ni na aiko.

Ka gaida Hajara. A sa mu a addu'a.

Yayanka,
Nura